Shamuwa a cikin jadawali: sharhi a kan yadda ake rubuta alamun damana na manoman Korgom da Mayahi

1. Abin da ya sa wannan sharhi

Tun daga wajen shekarar 2000, rubuce-rubuce a kan abin da ake kira da Faransanci « savoirs locaux » sun yawaita a cikin kundayen ɗalibai da rahotannin ayyukan raya karkara na jahar Maraɗi. Mafi yawansu, idan suka zo kan husa'ar ruwan sama, fasali guda suke bi: jadawali mai gida uku, gidan farko na alama, na biyu na ma'anarta, na uku na yawan mutanen da suka ambace ta. A layi ɗaya za a ga shamuwa, a ƙarƙashinta gawo, sai tururuwa, sai tauraro, sai mafarkin wani tsoho, duka a ƙarƙashin kalma guda, « indicateur ». Wannan jadawali ne muke son mu duba, muna ɗaukar misalanmu daga ƙasar Korgom, a kudancin Tasawa, da kuma ƙasar Mayahi da ke arewa maso yamma da ita, inda Gulbin Kaba ya ratsa.

Muna ganin cewa jadawalin yana haɗa maganganu iri uku waɗanda Bahaushe da kansa ya raba su da sunaye dabam-dabam, wato lissafi, da alama, da duba. Wanda ya zuba su cikin ƙwarya guda ba zai iya auna ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin kuwa ya wuce gardamar masana, don waɗannan rahotanni su ne ake komawa a karanta wa malaman gona, daga nan su shiga gidajen rediyon karkara, a ƙarshe su iske manomin da ke da tiya biyar ta iri, yana shawarar ko ya zuba ta a ƙasa yau ko ya dakata.

2. Lissafi

Lissafin taurari na malamai ne, kuma a rubuce ya zo. Taurari 28 ne, kowane yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, abin da ya ba da kwana 365. Bakwai daga cikinsu ake ba damana: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Mervyn Hiskett ya nuna tun 1967, a cikin nazarinsa na waƙoƙin taurari na Hausa, cewa asalin wannan tsari na Larabawa ne, kuma sunayen da kansu shaida ne. Watannin da ake ɗora shi a kansu, waɗanda malamai ke kira watannin ajami, suna bin tsohuwar kalandar Rumawa, wadda a yau take bayan ta bature da kwana 13.

Abu na farko da mai jadawali ya kan manta shi ne cewa lissafi ba ya canzawa. Haƙa'a tana kamawa wajen ƙarshen watan Mayu a shekarar ƙoshi, haka kuma ta kama a 1984, shekarar da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari. Abin da ke dawowa rana guda kowace shekara ba shi da abin da zai faɗa a kan bambancin bana da bara. Aikinsa aikin ma'auni ne. Da shi manomi yake sanin cewa ruwan da ya sauka a Surayya ko a Dabaran ya yi sammako, akwai tsoron a shuka ya ɗauke. Da shi kuma yake sanin cewa wanda bai shuka ba har Zira'a ta wuce ya makara, sai ya nemi iri mai saurin nuna. Idan ɗalibi ya rubuta tauraro a gidan « indicateur », sa'an nan ya kawo alƙaluman ma'aunin ruwa na Tasawa ya ce tauraron bai faɗi gaskiya ba, to ya tuhumi mudu da laifin rashin cika rumbu.

Akwai kuma wani wuri da lissafin bai zauna daidai a kan ƙasarmu ba, kuma ba mu ga jadawalin da ya kula da shi ba. Taurarin damana bakwai kwana 92 ne, suna ƙarewa wajen ƙarshen Agusta, Sarfa ta buɗe kaka. Amma kowane manomin Korgom ya san cewa ruwan Satumba shi ne ke cika ƙwayar hatsi, kuma damanar da ta ɗauke da ƙarewar Harsan ta bar zangarniya fanko. Ke nan manomi yana aiki da lissafin yana yi masa gyara a cikin kansa. Wannan gyara, wanda ba ya cikin takardar malam, shi ne ilimin wurin, shi ne kuma ya kamata a tambaya.

Sai mu raba wannan da kallon sama na ido. Kaza da ƴaƴanta, wadda ita ce Surayya ta malamai, tana ɓacewa a yamma a ƙarshen bazara, ta sake bayyana a gabas da asuba a cikin Yuni. Wanda bai taɓa riƙe allo ba yana ganin wannan. Shi ma dai agogo ne.

3. Alama

A nan ne maganar take da nauyi, a nan kuma jadawali ya fi yin ɓarna.

Mu ɗauki shamuwa, tun da babu rahoton da ba ta ciki. Ana rubuta ta haka: « arrivée de la cigogne : bonne saison ». Abin da aka sani game da tsuntsuwar bai kai nan ba. Shamuwa tana yin watannin ranin mu a gabashi da kudancin Afirka, inda ake ruwa a lokacin; masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar na'urar tauraron ɗan Adam a farkon shekarun 2000, suka bi hanyarsu har can. Tana dawowa arewa tana bin ruwa, don ruwa ne ke fito da fara da sauran ƙwarin da take ci, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Saboda haka zuwanta labari ne na gaskiya: an yi ruwa a kudu, yana tafe. Amma labarin abin da ya riga ya faru ne a wani wuri. Shamuwa ba ta da masaniya a kan marka ta Agusta. Shi ma Bahaushe, idan aka saurare shi da kyau, abin da ya kan ce shi ne « shamuwa ta zo, damana ta ƙarato », sai a gyara gona, a fito da iri a duba. Daga « ta ƙarato » zuwa « bonne saison » akwai tafiya mai nisa, kuma mai fassara ne ya yi ta, ba manomi ba.

Gawo ma haka. Itace ne da ya saɓa wa sauran itatuwa: yana kakkaɓe ganye idan damana ta kama, ya yi kore shar da rani, saiwarsa tana sha daga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya yarda cewa zubar ganyensa tana tafiya da shigowar ruwa. Sai dai gawon da makiyayi ya sassare wa rassa da rani ya kan sake toho, ya shiga damana da ganyensa. Manomi ya san wane gawo yake kallo, ya san wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. A jadawali kuwa an rubuta « Faidherbia albida » kawai, kamar dukan gawon duniya bakinsu ɗaya. Tun da aikin sassabe na zamani, wato barin toho ya girma a gona, ya bazu a jahar Maraɗi daga shekarun 1980, itatuwan gona sun ƙaru ƙwarai a wurare da dama, kuma yawancinsu matasa ne da ake yi wa aski kowace shekara. Wace alama ake karantawa a jikin irin wannan itace, tambaya ce da ta cancanci kundi guda.

Alamun da suka fi ƙarfi su ne waɗanda masu rahoto suka fi rainawa, wataƙila don ba su da ban mamaki. Iska ta juya: ta daina busowa daga arewa maso gabas, ta koma tana zuwa daga kudu maso yamma da laima. Dare ya yi zufa. Ruwan randa ya rage sanyi, don iska mai laima ba ta shan gumin tukunya. Fatar guga ta yi laushi, gishiri ya jiƙe a cikin ƙoƙo. Duk wannan shi ne abin da ma'aikatan hasashen yanayi suke bi a kan taswira da sunan « front intertropical », wato iyakar da busasshiyar iskar hamada take haɗuwa da iskar teku. Ruwa mai ƙarfi yana biyo bayan wannan iyaka da tazarar ɗaruruwan kilomita, shi ya sa iska kan juya makonni kafin ruwan shuka. A wannan wuri manomi da ma'aikaci abu guda suke aunawa, ɗaya da fatar jikinsa, ɗaya da na'ura.

Akwai kuma alamun yini guda: tururuwa na kwashe kayanta, kwaɗi sun ɗauki kuka, wata ya yi sansani, gabas ta yi baƙi. Waɗannan ba su wuce yau da gobe. Haɗa su a layi ɗaya da alamun da ake nufin dukan shekara da su, kamar yawan ƴaƴan wasu itatuwa ko tsananin ɗarin da ya gabata, kuskure ne na awo. Mu a ganinmu alamun nesa su ne masu rauni, kuma bai kamata ƙaunar al'ada ta hana mu faɗin haka ba. Carla Roncoli da abokan aikinta, a binciken da suka buga a 2002 a kan manoman ƙasar Burkina Faso, sun iske su manoman da kansu suna cewa alamun da suka gada ba su cika faɗa daidai ba kamar da, kuma suna maraba da labarin ma'aikata su haɗa da nasu.

Wata kalma a kan nahawu, tun da a sashen harsuna muke. Camfi da alama suna iya ɗaukar siga guda, ta « in… to… », amma ba su ɗaya ba ne. Idan ana ruwa rana kuma na haskawa aka ce kura ce ke haihuwa, ba wanda ya ɗauki kalme a kan wannan magana. Zancen yara ne da raha. Bakan gizo kuma ana ce masa masha-ruwa, wai yana shanye hadari. Dalilin da aka bayar ba daidai ba ne, amma akwai lura a ƙarƙashinsa: bakan gizo ba ya fitowa sai rana ta sami kafa, wato girgije ya riga ya tsage. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, ita ce a tambayi abin da mai maganar ya kan aikata bayan ya faɗe ta. Jadawali ba shi da gidan aiki. Yana da gidan « pourcentage des répondants », wanda ke auna shaharar magana kawai. Shi ya sa shamuwa take zuwa ta ɗaya kullum.

4. Duba, da abin da ba a faɗa wa baƙo

Na uku shi ne duba. Guy Nicolas, a littafinsa na 1975 a kan Hausawan kwarin Maraɗi, ya yi bayanin bukukuwan Anna da ke buɗe shekarar noma da farauta, kuma bikin buɗin daji na Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, ya yi suna a dukan Nijar saboda a wurin ake faɗin yadda shekara za ta kasance. Wannan magana ce da iskoki, tana da masu ita, tana da lokacinta. Ba a karanta ta a jikin itace.

Ɗalibin da ya isa gari da takardar tambayoyi ya ce « yaya kuke sanin za a yi ruwa? » ya yi tambayar da ke da haɗari ga mai amsawa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin Zaidu ɗan Halid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, a kan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, inda aka yi hani ga jingina ruwa ga tauraro. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun bambanta wanda ya ɗauki tauraro a matsayin mai saukar da ruwa da wanda ya ɗauke shi a matsayin lokaci, amma manomi ba ya son a kai shi inda sai ya kare kansa, balle tun da wa'azi a kan bidi'a ya yi ƙarfi a jahar daga shekarun 1980. Sai ya ce « sani sai Allah », ɗalibi ya rubuta « fatalisme », ko ya rubuta cewa ilimin ya ɓace. Da ya tambaye shi ranar da ya yi shuka bara, da abin da ya sa bai yi ta kwana goma kafin nan ba, da ya cika littafinsa. Ita kuma « in Allah ya so » da ke rufe kowace alama, wadda masu fassara suke zubarwa kamar ƙaiƙayi, tana cikin ma'anar jimlar: ita ce ke nuna cewa mai magana bai yi alkawari ba.

5. Abin da ake yanke wa shawara

Manomin Mayahi, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, tambayarsa ba jimillar ruwan damana ba ce. Tambayoyinsa ƙanana ne masu kaifi. Ya yi binne a jigawa tun ƙasa na busasshiya, don hatsi ya tsiro da ruwan fari, ko ya jira? Ruwan jiya ya kai na shuka? Zai tona da hannu ya ga inda laima ta tsaya. Wane iri zai fara zubawa, zango na gado mai dogon kai, ko HKP da ire-irensa masu saurin nuna da suka fito daga cibiyar INRAN? Wace gona zai fara, ta kusa da gari ko ta daji?

Masana ma sun yi ta fama da tambaya ta biyu. M. V. K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT ta Sadore ya ba da ƙa'ida a 1988: damana ta kama idan, bayan 1 ga Mayu, aka sami milimita 20 a cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fari na fiye da kwana 7 ba a cikin kwana 30 masu biyowa. Ƙa'ida ce mai kyau ga mai nazarin shekarun da suka wuce. Amma mu lura da sharaɗinta na biyu: sai bayan wata guda ake sanin ko ya cika. Manomi kuwa da safiyar ruwan zai yanke shawara. Alamu suna aiki ne a cikin wannan rata, tsakanin ruwan da ya sauka da kwana 30 da ba wanda ya gani tukuna. Shi ya sa ba ya dogara ga guda: yana haɗa tauraron da ake ciki, da juyawar iska, da shamuwa, da zurfin laima, da yawan irin da ya rage masa idan wannan ya ƙone.

Hasashen zamani ma yana da nasa gurbin. Tun 1998 ake taron hasashen damana na Afirka ta Yamma, PRESAO, wanda daga baya ya koma PRESASS, da hannun cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai. Abin da ke fitowa rabo ne na yiwuwa a kan yanki mai faɗi: ruwa zai fi na kullum, ko ya yi daidai, ko ya gaza. Ma'aunan ruwa masu yawa da aka jera a kewayen Yamai daga 1990, a cikin shirin EPSAT-Niger, sun nuna cewa garuruwa biyu da ke da ƴan kilomitoci tsakaninsu suna iya samun damana biyu dabam a shekara guda. Bahaushe ya riga ya ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma rarraba gonaki gabas da yamma da gari amsa ce ga wannan. Rahoton da ya ɗauki hasashen yanki ya gwada shi da maganar tsohon gari guda, don ya fid da wanda ya ci, ya gwada abubuwa biyu da ba su amsa tambaya ɗaya ba.

6. Misali daga nesa

A ƙasar Ailan, hukumar tattara al'adun gargajiya da aka kafa a 1935 ta sa yaran makarantun firamare, daga 1937 zuwa 1939, su rubuto abin da tsofaffinsu ke faɗi, kuma alamun yanayi suna cikin batutuwan da aka ba su. Yara fiye da 50,000 daga makarantu wajen 5,000 suka yi aikin, kuma littattafan suna ajiye a jami'ar Dublin, an kuma sa su a intanet. Abin da ya ba tarin daraja shi ne cewa sau da yawa an rubuta sunan garin, da wanda ya faɗa, da shekarunsa, a cikin harshen da ya yi maganar, Ailanci ko Ingilishi. Bayan shekara 80 da wani abu ana iya komawa a ga wace alama ta bakin teku ce, wace ta tudu.

A can, jan sama da maraice alamar gobe mai kyau ce, saboda ruwansu daga yamma yake zuwa, daga tekun Atlantika; yamma mai haske tana nufin abin da ke tafe ba shi da girgije. A Korgom hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, ko da yake laimar daga kudu maso yamma ta shigo. Mai kallon faɗuwar rana a nan bayan hadarin da ya wuce yake gani. Alama ba ta ƙaura da ma'anarta, kuma abin da ya raba Ailan da Nijar yana iya raba fadamar kudancin Korgom da jigawar arewacin Mayahi, ko da a ƙaramin ma'auni. Jadawalin da aka rubuta wa « région de Maradi » a kansa ya shafe wannan bambanci.

Muna da abin koyi kusa da mu ma. Claude Raynaut ya zauna a garuruwan jahar, har da Sharken Hausa ta Mayahi, kuma Anne Luxereau da Bernard Roussel, a littafinsu na 1997, sun bi sunayen ƙasa da na tsirrai kamar yadda manoma ke kiran su. Abin da muke nema ga ɗalibanmu bai fi ƙarfinsu ba: a rubuta jimlar da Hausa yadda aka faɗe ta, har da « in Allah ya so » ɗinta, kafin a fassara, a rubuta gari da irin ƙasar gonar, a rubuta ko mai magana namiji ne ko mace, manomi ko makiyayi, don mai zuwa rijiya da mai bin garke ba abu ɗaya suke gani ba, a rubuta ranar da aka ga alamar da abin da aka aikata a kanta. Sa'an nan a koma garin da kaka a tambayi dami nawa aka ɗaure.